Amsoshin Tambayoyinku: Ƙanwata Na Son Jifan Mashi Daga Kan Kujera

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce a Zariya. Ina da ƙanwa 'yar shekara 19 wadda cutar shan-inna ta taɓa wa ƙafafu tun tana ƙarama, da keken hannu take zuwa ko'ina. Lokacin gasar nakasassu ta duniya da aka yi a Faris, ta ga wata 'yar Najeriya a waya tana jifa da mashi a zaune a kan kujera, har aka rataya mata lamba. Tun ranar ba ta da zance sai wannan. Baba ya ce ba zai bari a mai da 'yarsa abin kallo ba, Umma kuma kayan da ake sawa ne damuwarta. Ni dai na rasa ta cewa. Wace ce matar nan? Ta ina ake shiga? Shekarun ƙanwata ba su wuce ba? Kuma don Allah a gaya mini gaskiya, abin yana riƙe mutum?

AMSA: Malama, Allah Ya saka da zumunci, Ya bar ku tare. Tambayoyinki huɗu ne, ga kuma maganar Baba da ta Umma da ba ki sa a jerin tambaya ba, alhali su ne suka fi nauyi. Zan bi su a sannu.

Matar da ƙanwarki ta gani sunanta Flora Ugwunwa. A gasar Faris ta 2024 ita kaɗai ce ta samo wa Najeriya lamba a wasannin guje-guje da jife-jife, ta azurfa, da jifan mita 19.26. Amma ƙanwarki a tsakiyar labarin ta shigo. Shekara takwas kafin nan, a birnin Riyo na ƙasar Burazil a 2016, Flora ta jefa mashi mita 20.25, ta ɗauki zinare, ta kuma kafa tarihin da babu wata mace a rukuninta da ta taɓa kaiwa a duniya. A gasar Tokiyo, wadda annobar korona ta sa aka ɗage zuwa 2021, ta sake cin zinare da mita 19.39. Wadda ta zo ta biyu a bayanta a Tokiyo, Nurkhon Kurbanova 'yar ƙasar Uzbekistan, ita ce ta sha gabanta a Faris da mita 21.12. An haifi Flora a 1984, ke nan tana da shekara 32 ta ci zinarenta na farko, tana da 40 ta hau dandamali karo na uku a jere. Ki riƙe waɗannan shekarun, za mu dawo kansu.

Mai jin mita 20 zai iya cewa ai ba wani nisa ba ne. Macen da ta fi kowa jifan mashi a tsaye, Barbora Špotáková ta Jamhuriyar Cek, ta kai mita 72.28 a 2008, kuma mashin iri ɗaya ne, giram 600. To amma duk wanda ya taɓa jifan mangwaro a kan bishiya ya san ba hannu kaɗai ke jifa ba. Ƙafa ce ke tokare ƙasa, ƙugu ya murɗa, gadon baya ya ɗauko ƙarfin ya miƙa wa kafaɗa, hannu shi ne na ƙarshe. Mai jifa a tsaye har gudu take yi kafin ta saki mashin. Flora tana rukunin da ake kira F54, na waɗanda hannuwansu ke da cikakken ƙarfi amma tsokar ciki da ta baya da ƙafafu ba sa aiki. Ki gwada da kanki, Malama: ki zauna a kan tabarma, ki miƙe ƙafa, ki hana bayanki motsi, ki jefa tsinken tsintsiya. Sannan ki tuna faɗin filin ƙwallo wajen mita 68 ne, ita kuwa da kafaɗa da hannu kawai take cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan faɗin.

Kujerar da ƙanwarki ta gani ba keken guragu ba ce. Wata kujerar ƙarfe ce da ake ƙera wa kowane ɗan wasa tasa, daidai jikinsa. Doka ta ce tsayinta, har da soson da ake zama a kai, kada ya wuce santimita 75, mazaunin kuma mai kusurwa huɗu ne, kowane gefe bai gaza santimita 30 ba. Idan aka kira sunan 'yar wasa, sai ma'aikatan fili su ɗauko kujerarta su kai cikin da'irar jifa, su ɗaure ta ta kowace kusurwa da ɗamara mai maƙulli, irin wadda direbobin tirela ke ɗaure kaya da ita, su yi ta tamkewa har sai an girgiza kujerar ba ta motsa ba. Sannan ta taso daga kekenta ta hau, a ɗaure mata cinyoyi da ƙugu. Masu irin lalurar Flora suna da sandar ƙarfe a tsaye a gaban kujerar. Takan kama ta da hannun da ba ya jifa, ta kwanta baya iyakar yadda za ta iya, mashin na gefen kunnenta, sannan ta fizgo kanta gaba da wannan hannun a daidai lokacin da ɗayan ke sakin mashin. Hannu ɗaya yana aikin ƙugu da ƙafa, ɗayan yana aikin jifa. In aka samu saɓanin ƙiftawar ido tsakaninsu, mashin sai ya tashi sama ya faɗo kusa, ko ya tafi a kwance ya faɗi da gindi, alƙali ya ɗaga jar tuta. Akwai kuma alƙalin da ke tsugune a gefe, ba ya kallon mashin sam, mazaunin yake kallo. Idan ta ɗaga daga kan kujerar ko da kaɗan kafin mashin ya sauka, jifan ya lalace. Da yake ɗaure kujera na cin lokaci, yawanci a jere take yin jifanta shida, ta sauka, ta koma gefe ta zuba ido tana kallon masu zuwa bayanta, ba ta da sauran damar ramawa.

Na tsaya a kan wannan ne don a san cewa sana'a ce mai ƙa'ida da gwaninta, wadda ake shekaru ana koyo. Kuma ba mashi kaɗai ba ne. Akwai jifan dalma, wato dunƙulen ƙarfe da ake turawa daga gefen wuya, na mata a yawancin rukunan zaune kilo 3 ne. Akwai jifan faifai, na mata kilo 1. Akwai kuma jifan kulki na katako mai nauyin giram 397, wanda aka tanadar wa waɗanda yatsunsu ba sa iya riƙe mashi ko faifai.

Waɗannan lambobi na F54 da makamantansu su ne ƙashin bayan wasan gaba ɗaya. Harafin F na nufin wasannin cikin fili, wato jife-jife. Daga 11 zuwa 13 na masu lalurar gani ne, 20 na masu lalurar fahimta, 31 zuwa 38 na masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke hana gaɓoɓi tafiya daidai, 40 da 41 na wadanni, 42 zuwa 46 da kuma 61 zuwa 64 na masu rashin hannu ko ƙafa ko rauninsu da ke jifa a tsaye, sai 51 zuwa 57 na masu jifa a zaune. A kowane gida, gwargwadon ƙanƙantar lamba gwargwadon tsananin lalura. Ba ɗan wasa ke zaɓar rukuninsa ba, ba kuma kocinsa ba. Ƙwararrun masu tantancewa ne, galibi likita ko mai gashin ƙashi tare da masanin wasan, za su duba takardun asibiti, su kwantar da mutum a gado su gwada ƙarfin tsoka ɗaya bayan ɗaya, su sa shi ya yi jifa a gabansu, wani lokaci su sake lura da shi a tsakiyar gasa. Mai shan-inna da bayansa da cikinsa ke da ƙarfi yakan faɗa can sama, wajen 56 ko 57, amma wannan hukuncin masu tantancewa ne bayan sun ga ƙanwarki da idonsu. Abu ɗaya da za ki ja mata kunne a kai tun yanzu: kada wani ya ruɗe ta ta ɓoye ƙarfinta a gaban masu tantancewa don a sa ta rukuni mai sauƙi. Ha'inci ne, kuma wanda aka kama dakatar da shi ake yi na shekaru.

Batun shekaru kuwa, ki kwantar da hankalinki. Mun saba cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne a gudu da ƙwallon ƙafa. Jifa daga kujera ya fita daban, domin ƙarfin kafaɗa da sanin hannu ƙaruwa suke yi da shekaru. Babbar shaida ita ce Eucharia Iyiazi, wadda a ganina duk Najeriya ya kamata a san sunanta kamar yadda aka san na 'yan ƙwallo. An haife ta a 1973. Ta ci azurfa a jifan mashi a Atens a 2004. A Beijin a 2008 ta haɗa zinare biyu, na dalma da na faifai, kowanne da sabon tarihin duniya. Ta ci tagulla a Landan a 2012, ta sake cin tagulla a Riyo a 2016, ta kuma cin wata a Tokiyo tana da shekara 47. Gasa biyar a jere, shekara 17, ba ta taɓa dawowa hannu rabbana ba. A wannan tsawon lokaci an sauya dokar zama a kujera, an haɗe rukuninta da wani, 'yan matan da aka haifa bayan ta fara wasa sun shigo fili, ita tana nan. 'Yar shekara 19 a wannan fage yarinya ce ɗanya shakaf. Kuma wadda ta shekara goma sha tana murza keken hannu a titunan Zariya, da rairayi da hawa da gangara, ta riga ta tara wani jari a kafaɗunta da sauran 'yan mata ba su da shi.

Yanzu ga maganar Baba. Kada ki yi masa gardama, domin tsoronsa yana da tushe. Ya ga yadda muke yi da masu lalura a ƙasar nan: a bakin masallaci ranar Juma'a, a mahaɗar titi, a taron 'yan siyasa inda ake jera su a raba musu keke a ɗauki hoto. Duk uban da ya killace 'yarsa daga wannan ya yi abin a yaba. Abin da za ki nuna masa shi ne filin jifa kishiyar wancan wuri ne. A can ana kallon ƙafar mutum a ba shi sadaka. A nan ana jan awo daga bakin da'ira zuwa inda mashi ya caki ƙasa, kuma awon bai san tausayi ba. Asalin wasan ma daga neman mutunci ya taso. Wani likita Bajamushe mai suna Ludwig Guttmann, da ke kula da sojojin da suka karye a ƙashin baya a asibitin Stoke Mandeville na Ingila, shi ya haɗa majinyata 16 gasar harbin baka ranar 29 ga Yuli, 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Landan. A wancan zamani ana ɗaukar mai irin wannan rauni a matsayin wanda ke jiran kwanansa kawai. Zuwa 1960 abin ya zama gasar duniya a birnin Rum, da 'yan wasa wajen 400 daga ƙasashe 23.

Ki kuma ba Baba wannan lissafi, ya auna da kansa. Najeriya ta fara zuwa gasar a Basalona a 1992, ta dawo da zinare uku. A Landan a 2012 'yan wasanmu masu lafiyar gaɓoɓi ba su samo ko lamba ɗaya ba, masu lalura suka samo 13. A Riyo waɗancan sun samo tagulla ɗaya ta ƙwallon ƙafa, waɗannan suka samo 12, takwas daga ciki zinare. A Faris waɗancan sun sake dawowa babu komai, waɗannan suka zo da bakwai. Cikin zinaren Riyo akwai na Lauritta Onye, 'yar jihar Imo, wada ce mai jifan dalma a rukunin F40, wadda ta jefa mita 8.40 ta kafa tarihin duniya, ta yi ta tsalle da wuntsila gudidi a gaban jama'a don murna. Mace ce da a titi yara za su bi ta da dariya. Ranar nan tutar ƙasa aka ɗaga saboda ita, dubban mutane suka miƙe tsaye.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, in kika bi sunayen waɗanda suka ciyo mana waɗannan lambobi, kusan duk daga Kudu suke. Alhali mu ne cutar shan-inna ta fi yi wa ɓarna. Bayan dakatar da rigakafi da aka yi a Kano da wasu jihohi a 2003, cutar ta sake bazuwa, kuma sai a 2016 aka ga na ƙarshe da ainihin ƙwayar ta kama, a Borno, kafin a tabbatar da Afirka ta rabu da ita a watan Agustan 2020. Yaran da ta taɓa a waɗancan shekaru su ne sa'o'in ƙanwarki, yanzu suke kan ganiyarsu. Matasa mazanmu sun nuna suna iyawa, ga ƙwallon guragu nan da suke bugawa da hannu a kan katako mai taya a Kano da sauran garuruwa. 'Yan matan ne ke zaune a ɗaka, babu wanda ya taɓa miƙa musu dalma ya ce su gwada.

Damuwar Umma ta fi sauƙin warwarewa. Babu dokar da ta tilasta wa mai jifa sa gajeren wando ko buɗe kai. Ki nemo bidiyon wannan gasa ta Faris da ƙanwarki ta kalla, ki nuna mata wadda ta zo ta uku a bayan Flora, Elham Salehi 'yar ƙasar Iran. A rufe take ruf, da ɗankwali da doguwar riga mai hannu da dogon wando. 'Yar ƙasarsu Hashemiyeh Motaghian da irin wannan shiga ta ci zinaren mashi a rukunin F56 a Tokiyo. Gani ya kori ji. Abin lura kawai shi ne hijabi ya zama mai kama jiki ta wajen wuya da kafaɗa, don kada ya harɗe hannu ko ya kama gindin mashi.

Hanyar shiga tana farawa ne daga hukumar wasanni ta jiha. Ku je filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, ko ofishin wasanni na jami'a tunda kuna Zariya, ku nemi kocin guje-guje da jife-jife, ku tambayi wanda ke kula da 'yan wasa masu lalura. Ki raka ta da kanki, in da hali da wani namiji na gida, don hankalin iyaye ya kwanta, kuma don koci ya san yarinyar tana da mutane a bayanta. Daga jiha ake zuwa bikin wasanni na ƙasa, inda ake raba lambobi a wasannin masu lalura kamar kowane wasa, a nan ne kuma masu zaɓar 'yan wasan ƙasa ke baza ido. Wadda ta yi fice sai a kai ta gasar waje, irin waɗanda ake yi a Dubai da Tunis da Marakesh, a yi mata tantancewar duniya, a rubuta jifanta a kundin hukumar duniya. Sai da wannan ake samun gurbin babbar gasa, wadda ta gaba za a yi a birnin Los Anjeles na Amurka a 2028. Wannan matakin na fita waje shi ne inda da yawa ke maƙalewa, domin kuɗin jirgi da masauki ba na talaka ba ne, kuma ba kullum hukuma ke fitar da su a kan lokaci ba.

Kujera kuwa kada ta tsorata ku. Mai waldan da ke ƙera keken guragu zai iya haɗa ta da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, muddin koci ya ba shi awo. A sa mata ƙafafu masu faɗi, da kunnuwa a kusurwoyi inda za a maƙala ɗamara, da wurin ɗora sawu, a turke ta da turakun ƙarfe a ƙasa mai tauri. Kada ta taɓa yin jifa daga kan keken hannunta ko kujerar roba. Ƙarfin jifan zai kifar da ita.

Saura tambayarki ta ƙarshe, kin kuma ce a gaya miki gaskiya. Jifa shi kaɗai ba ya riƙe mutum a Najeriya, in ban da 'yan ƙalilan. Akwai jihohin da ke ɗaukar fitattun 'yan wasa aiki a hukumar wasanni su riƙa biyansu albashi, akwai alawus na sansanin horo da na tafiya, akwai kyautar da gwamnati kan bayar in an ciyo lamba. Amma babbar gasa sau ɗaya ce a shekara huɗu, kyauta sai an ci, kuma zakarunmu da kansu sun sha kokawa a kafafen labarai kan alkawuran da aka jinkirta da rashin kayan horo. Tsakanin wannan gasa da waccan akwai kuɗin mota zuwa fili, da abinci mai gina jiki, da magani. Saboda haka in tana karatu kada ta ajiye, in ɗinki ko saƙa ko kasuwanci take yi ta riƙe da kyau. Horo da sassafe ne ko da yamma, ba ya cinye wuni. Abin da wasan ke bayarwa tabbas shi ne lafiyar jiki, da fita cikin mutane, da abokai masu irin lalurarta waɗanda ba bara suke yi ba, da ƙofar zama koci ko alƙaliyar wasa ko mai tantancewa nan gaba. A Arewa mata masu wannan ilimi sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma iyaye irin Baba sun fi sakin jiki su miƙa 'yarsu ga mace.

Ki kula mata da kafaɗa fiye da komai. Ga mai tafiya da ƙafa, ciwon kafaɗa hutun wata biyu ne daga wasa. Ga ƙanwarki, kafaɗar nan ita ce ƙafarta: da ita take murza keke, da ita take hawa gado, da ita take shiga banɗaki. Kada zumuɗi ya sa ta fara da jifa ɗari a rana ko ɗaga ƙarfe mai nauyi. A fara da abu mara nauyi, a ɗumama jiki kafin jifa, a ƙarfafa tsokar bayan kafaɗa, wadda murza keke ba ya ginawa. In ciwo ya wuce kwana biyu a tsaya a ga likitan gashin ƙashi. Kuma kada a danne ciwo da ƙwaya. Tun watan Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta tiramadol a lokacin gasa, kuma haɗe-haɗen maganin ƙarfi da ake tallarsu a kasuwa babu wanda ya san abin da ke cikinsu. Ɗan wasa shi ke da alhakin duk abin da aka samu a fitsarinsa, ko da wani ne ya ba shi.

Kafin ku je Kaduna, ga abin da za ku iya yi a gida ranar Asabar mai zuwa. Ki samo dutse mai santsi da ya kai kilo biyu, ki zaunar da ita a kan benci mai nauyi a tsakar gida, wani ya riƙe mata gwiwoyi. Ta ɗora dutsen a gindin yatsu, ta manna shi a wuya ƙarƙashin muƙamuƙi, ta ɗaga gwiwar hannu, ta tura shi gaba da sama. Turawa ake yi, ba wurgi ba. Sau shida ya isa. Ki auna kowanne da tef ɗin tela, ki rubuta a littafi da kwanan wata. Ki roƙi Baba ya zo ya riƙe muku bakin tef ɗin.